Ɗan'uwan shuwaka: Furen dajin da ake yi wa kallon ciyawa a yankin Malbaza alhali akwai mai a ƙwayarsa

Idan aka ambaci Malbaza a Jamhuriyar Nijar, abu biyu ne ke fara zuwa wa mutum a rai: siminti da albasa. Kamfanin simintin garin ya fara aiki tun a shekarun 1960, kuma sabuwar masana'antar da aka buɗe a 2018 an gina ta ne da ƙarfin samar da tan 650,000 a shekara. Garin Galmi kuwa, wanda jar albasarsa ta yi suna daga Abidjan har Kano, yana cikin wannan gunduma ne, a ƙaramar hukumar Dogarawa.

Sai dai ƙasar da ke kewaye da masana'antar da lambunan albasar tana cikin shiyyar da wani tsiro ke fitowa da kansa duk damina, ba tare da kowa ya shuka shi ba. Tsiro ne mai shuɗin fure, ɗan'uwan shuwaka, wanda masana tsirrai suka daɗe suna kira Vernonia galamensis, wasu kuma a yanzu suke kira Centrapalus pauciflorus.

A wajen manomi ciyawa ce kamar sauran ciyayi, hauya ce maganinta. A wajen masu binciken sinadarai kuwa, sama da shekara 50 ke nan ana lissafa shi cikin tsirran Afirka da ƙwayarsu ke ɗauke da wani irin mai da masana'antun fenti da roba da gam ke buƙata. An yi gwajin nomansa a Zimbabwe da Kenya da Habasha da Amurka, har an taɓa ƙulla yarjejeniyar kasuwanci a kansa tsakanin wata gwamnati da wani kamfanin Turai.

Tambayar da ta shafi mutanen Malbaza da Ƙonni da Illela ita ce: me wannan tsiro zai iya yi musu, me ba zai iya ba, kuma wa zai ci moriyarsa idan wata rana kasuwarsa ta buɗe?

Yadda ake gane shi

Tsiro ne na shekara guda. Yana fitowa da ruwan damina, ya yi fure, ya zubar da iri, ya bushe da shigowar rani. Tsayinsa ya danganta da ƙasa da ruwa: a wuri mai tauri ba ya wuce gwiwa, a wuri mai danshi yakan kai ƙirjin mutum, a tsaunukan gabashin Afirka kuma akwai nau'o'in da ke zarce tsayin mutum.

Ganyensa dogo ne siriri, mai tsini a ƙarshe, gefensa da ƙananan haƙora, jikinsa da gashi-gashi. Kamar na shuwaka, yana da ɗaci.

Furen ne ya fi bambanta shi. Abin da ido ke gani kamar fure ɗaya a kan reshe, a gaskiya tarin ƙananan furanni ne da dama da suka haɗu a kai guda, launinsu shuɗi ko shuɗi mai sirkin ja, jefi-jefi kuma fari. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan ganyayyaki masu tsini da suka kewaye kan kamar kwando.

Idan ya nuna, kowane ƙaramin fure yakan bar ƙwaya ɗaya siririya, baƙa ko mai duhun ƙasa-ƙasa, da tuntun gashi a kanta. Wannan gashi ne ke sa iska ta ɗauke ta zuwa wata gona.

Ya fi son saura, da gefen gona, da bakin hanya, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Inda ruwa ke tsayawa kwana da kwanaki, saiwarsa ba ta jurewa. Yana cikin tsirran da ke jiran yini ya fara gajarta kafin su yi fure, shi ya sa a ƙasashen Sahel ake ganin furensa wajen ƙarshen damina, lokacin da hankalin kowa ya koma kan girbin hatsi da roron wake.

Yaɗuwarsa tana da faɗi: daga tsibiran Cape Verde da Senegal, ta Mali da Burkina Faso da kudancin Nijar da arewacin Najeriya da Chadi, har Sudan da Habasha, sannan ya gangara kudu zuwa Kenya da Tanzaniya da Zimbabwe.

Babban gida ne ya fito

Dangin da wannan tsiro ya fito, wanda masana ke kira Asteraceae, na cikin mafi girma a duniyar tsirrai masu fure, da nau'o'i sama da 23,000. Alamarsu ɗaya ce: ƙananan furanni masu yawa a kai guda.

Bahaushe ya san da yawa daga cikinsu ko da bai san ƴan gida ɗaya ba ne. Shuwakar miya tana ciki. Domashi, wanda ake jiƙa saiwarsa mai ɗaci, yana ciki. Latas ɗin da ake nomawa a lambu yana ciki, haka ma tazargade da ake sayarwa a kasuwa. Kashin yawo, wanda ƙayarsa ke maƙale wa tufafi da jelar dabbobi, shi ma ɗan gidan ne, kodayake baƙo ne da ya shigo daga nahiyar Amurka ta Kudu.

Wannan gida ya riga ya ba duniya abin mamaki. Daga wani ɗan'uwan tazargade da ke fitowa a ƙasar Sin, mai suna Artemisia annua, aka samo sinadarin da ya zama ginshiƙin magungunan zazzaɓin cizon sauro da ake sha yau a asibitocin Tawa da Sakkwato. Aikin ne ya sa masaniyar nan ƴar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta samu lambar yabo ta Nobel a 2015. Kafin binciken, shi ma ciyawar bakin hanya ce da masu maganin gargajiya kawai suka damu da ita.

Daga Galam zuwa Harar

Sunan tsiron kansa yana ɗauke da tarihin Afirka ta Yamma. Kalmar galamensis ta fito ne daga Galam, sunan da Faransawa ke kiran tsohuwar daular Gajaga da ke bakin kogin Senegal, a yankin Bakel na yanzu. Masanin tsirrai ɗan Faransa, Henri Cassini, shi ne ya raɗa masa wannan suna a 1817. A 1829 Bajamushe Christian Lessing ya mayar da shi cikin zuriyar Vernonia, wato zuriyar shuwaka. A 1999 kuma Harold Robinson na cibiyar Smithsonian da ke Amurka ya sake fitar da shi zuwa zuriyar Centrapalus. Wannan ne dalilin da ya sa ake samun sa da suna biyu a littattafai.

Fiye da shekara 100 bayan raɗa masa suna, babu wanda ya kula da shi sai masu tara busassun ganye a ɗakunan bincike.

Labarin ya sauya ne ta wata hanya daban. A 1954 wani masanin sinadarai ɗan Birtaniya, Frank Gunstone, ya gano wani sabon nau'in sinadarin mai a ƙwayar wani ɗan'uwan tsiron da ke fitowa a Indiya. Aka sa wa sinadarin suna banolik, daga sunan zuriyar. Ma'aikatar Noma ta Amurka, wadda a lokacin take neman sababbin tsirran da za su ba masana'antu mai, ta gwada noman na Indiyar. Gwajin bai yi nasara ba, saboda ƙwayar na zubewa ƙasa kafin a girbe.

A 1964 wani ma'aikacin wannan ma'aikata, Robert Perdue, yana yawon tara tsirrai a gabashin Habasha, ya ci karo da Vernonia galamensis a kusa da birnin Harar. Abin da ya ja hankalinsa shi ne ƙwayar na zama a kan tsiron bayan ta nuna, ba ta saurin zubewa. Da aka auna ta, sai aka tarar kusan kashi 42 cikin 100 na nauyinta mai ne, kuma sama da kashi 70 cikin 100 na man nan sinadarin banolik ne. Ta zarce ta Indiya nesa ba kusa ba.

A 1986 masanin tsirrai Michael Gilbert ya tantance nau'o'in tsiron, ya raba shi gida shida. Mafi yaɗuwa a cikinsu shi ma ya kasu kashi huɗu. Ɗaya daga cikin huɗun shi ne na Habasha da Perdue ya samo, wani kuma shi ne wanda ya mamaye Afirka ta Yamma, wato na ƙasashenmu.

Me ake yi da man?

Da farko dai, ba man ci ba ne. Ba a suya da shi, ba a zuba shi a miya.

Amfaninsa na masana'anta ne. Masu haɗa fenti da gam mai ƙarfi da robar PVC, irin wadda ake bututun ruwa da rigar wayar lantarki da ita, suna buƙatar mai wanda ke da wani ƙulli na musamman a ginin sinadarinsa, wanda ake kira epoksi. Wannan ƙulli ne ke sa man ya kama sauran sinadarai ya daskare tare da su, ya kuma sa roba ta yi laushi ta jure zafi.

A yanzu masana'antu na samun irin wannan mai ta hanya biyu: ko daga man fetur, ko kuma su ɗauki man waken suya da makamantansa su sarrafa shi da sinadarai har ƙullin ya samu. Man wannan tsiro kuwa da ƙullinsa yake fitowa daga gona. Ga shi kuma da ruwa-ruwa, ba shi da kauri kamar wanda aka sarrafa, kuma ba ya saurin daskarewa a sanyi.

Wannan siffa ta ƙarshe ce ta fi jan hankali. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake fentin mai ya san warin tina da ke hawa kai. Ana zuba tina ne don a tsinka fenti, daga baya ta bi iska, ta gurɓata ta, ta kuma cutar da ƙirjin mai aikin. Gwaje-gwaje sun nuna cewa man wannan tsiro na iya tsinka fenti, kuma maimakon ya tashi ya bi iska, sai ya bushe ya zama ɓangaren fentin. Da Amurka ta tsaurara dokarta ta tsaftar iska a 1990, sha'awar tsiron ta ƙaru sosai a can.

To me ya hana shi zama amfanin gona?

A gonakin gwaji sakamakon ya ba da sha'awa. A Zimbabwe an samu kusan tan biyu da rabi na ƙwaya a hekta guda a 1987. A gabashin Habasha, masu bincike na jami'ar Alemaya, wadda yanzu ake kira Haramaya, sun ba da rahoton samun har tan huɗu a hekta da zaɓaɓɓen iri. Idan aka tuna cewa hektar hatsi a Nijar sau da yawa ba ta wuce rabin tan, za a ga abin da ya sa wasu suka yi ta zumuɗi.

Amma alƙaluman gonar gwaji daban, na gonar talaka daban. Waɗancan an same su ne da irin Habasha, ƙarƙashin kulawar masana. Kuma har yau tsiron bai zama amfanin gona na kasuwa ba a ko'ina, saboda dalilai da aka sani.

Na farko, har yanzu ɗan daji ne. Kawunansa ba sa nuna lokaci guda: wani ya bushe, wani yana fure a kan tsiro ɗaya. Manomi ko dai ya yi ta zagayen tsinka, ko ya yi asarar wani kaso.

Na biyu, sabuwar ƙwayarsa ba ta tsira nan take, sai ta yi watanni tana barci, kuma ƙaramin tsiron yana da jinkirin tasowa, ciyawa na iya danne shi a makonnin farko.

Na uku, akwai wani sinadari a cikin ƙwayar da ke fara lalata man da zarar an farfasa ta. Dole a turara ta da zafi kafin a matse, sannan a cire gashin da ke kanta. Wannan ya wuce aikin injin matsar gyaɗa na unguwa.

Na huɗu, tunkuzar da ke saura bayan an matse man tana da sinadarin gina jiki mai yawa, kimanin kashi 40 cikin 100, amma tana ɗauke da wani sinadari mai ɗaci da ke da illa, don haka ba a ba dabba ita sai an sarrafa.

Na biyar, kuma mafi girma, shi ne kasuwa. Man waken suya yana da araha, ana samun sa da miliyoyin tan, masana'antu sun saba da shi. Kamfani ba zai sauya tsarin aikinsa ba sai ya tabbatar zai samu sabon man kowace shekara, manomi kuma ba zai shuka ba sai ya ga mai saye. Kowa na jiran kowa.

Wa ke da shi?

Ko da kasuwar ba ta buɗe ba, rigimar mallaka ta riga ta fara a wasu wurare.

A 2006 hukumar kula da albarkatun halittu ta Habasha ta sa hannu a wata yarjejeniya da wani kamfanin Birtaniya mai suna Vernique Biotech, wadda ta ba kamfanin damar amfani da irin tsiron na Habasha don kasuwanci, da sharaɗin ƙasar ta samu nata kaso. An yi ta ambaton yarjejeniyar a matsayin abin koyi, amma babbar kasuwar da aka yi hasashe ba ta samu ba.

Shekara guda kafin nan, a 2005, Habashar ta ƙulla irin wannan yarjejeniya da wani kamfanin ƙasar Holan a kan tef, ƙaramin hatsin da suke yin gurasarsu ta injera da shi. Kamfanin ya karye a 2009, amma takardar mallakar fasahar sarrafa garin tef ta ci gaba da zama a hannun wani daga cikin masu shi. Sai a ƙarshen 2018 wata kotu a birnin Hague ta yanke hukuncin cewa takardar ba ta da inganci a Holan.

Mutanen gundumar Malbaza ba sa buƙatar zuwa Habasha kafin su fahimci wannan magana, domin ta taɓa faruwa a ƙofar gidansu. A shekarun 2000 wani kamfanin sayar da iri na ƙasar Senegal, Tropicasem, ya nemi hukumar kare mallakar fasaha ta Afirka, OAPI, mai hedikwata a Yaounde, ta ba shi haƙƙin mallakar irin albasa da sunan Violet de Galmi. Da labarin ya fito, ƙungiyar manoman albasa ta ƙasa, ANFO, da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, suka ce iri ne da manoman yankin suka yi shekaru aru-aru suna zaɓa suna adanawa. Kamfanin ya janye sunan, ya koma kiran nasa Violet de Damani. Daga bisani Nijar ta yi wa albasar Galmi rajista a hukumar a matsayin amfanin da sunansa ke ɗaure da yankinsa, tare da kilishin Nijar.

Abin da ya ceci albasar Galmi shi ne an san ta, tana da suna, tana da ƙungiya, tana da masu magana da yawunta. Furen daji ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A kan takarda akwai kariya. Yarjejeniyar kare albarkatun halittu da aka cimma a Rio a 1992 ta amince cewa kowace ƙasa ce ke da iko da tsirran ƙasarta. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a watan Oktoban 2014, ta ƙara da cewa duk mai son ɗaukar iri ko ilimin gargajiya don bincike ko kasuwanci sai ya nemi izini, kuma a yi yarjejeniyar raba riba. Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da ita, kuma majalisar kula da muhalli ta ƙasa, CNEDD, ita ce ke bin irin waɗannan batutuwa.

Sai dai tsiron da ke fitowa a ƙasashe sama da 20 ba na ƙasa ɗaya ba ne. Abin da ƙasa za ta iya cewa nata ne shi ne nau'in da ya saba da ƙasarta, idan ta tara shi, ta rubuta inda aka samo shi, ta adana shi. Wanda bai rubuta ba, ba shi da hujja ranar da magana ta tashi.

Abin da ya sa na Sahel ke da daraja

Kusan duk binciken da aka yi an yi shi ne a kan irin Habasha da na gabashin Afirka. Na Afirka ta Yamma bai samu irin wannan kulawa ba. Amma shi ne ya saba da gajeriyar damina ta wata uku zuwa huɗu, da zafin da ke haura digiri 40, da ƙasa mai yashi ko tsakuwa. Yankin Ƙonni da Malbaza na samun ruwan da yawanci ke tsakanin milimita 400 zuwa 600 a shekara, kuma shekara ba ta kama da shekara. Duk tsiron da ya iya kammala rayuwarsa a nan yana ɗauke da halayen da masu inganta iri ke nema, musamman yanzu da sauyin yanayi ke matsa wa kowa.

Matsalar ita ce wuraren da irin waɗannan tsirrai ke fitowa suna ƙanƙancewa. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Malbaza, wadda aka cire daga ta Birnin Ƙonni a 2011, tana da mutum sama da 230,000, kuma Nijar na cikin ƙasashen da jama'arsu ta fi saurin ƙaruwa a duniya. Gonar da a da ake bari ta huta shekara uku ko huɗu, yanzu ana noma ta duk shekara. Burtali da makiyaya suna matsewa. Maganin feshi da ke shigowa ta iyakar Illela ta Najeriya da Ƙonni ba ya bambanta ciyawa mai amfani da marar amfani. A filayen kiwo da dama na kudancin Nijar kuma, garmani ya mamaye wuri ya kori sauran ciyayi.

Tsiron gaba ɗayansa ba ya fuskantar barazanar ƙarewa, tunda ya bazu a rabin nahiya. Abin da ke iya ɓacewa shi ne nau'in wani kwari ko wani tudu, tare da sanin da tsofaffi da makiyaya da masu magani ke da shi a kansa.

Akwai kuma batun ƙasar da ta mutu. Yankin Illela na jihar Tawa ya yi suna wajen farfaɗo da fako. A 1989 wasu manoman yankin, ƙarƙashin wani shiri da asusun IFAD ya tallafa, sun ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka ana zuba taki don tare ruwa. Da suka dawo suka inganta tassa, kuma cikin ƴan shekaru dubban hektoci na fako suka koma gona, har aka fara cinikin filayen da a da ba mai so ko kyauta. Wannan ya nuna manoman Adar ba sa ƙin sabon abu idan sun ga amfaninsa da idonsu.

Idan har za a gwada wannan tsiro a yankin, irin waɗannan filaye na gefe ne wurinsa, ba gonar hatsi ba, ba kuma fadamun Magiya ko filin noman rani na Ƙonni mai hekta sama da 2,400 ba, inda albasa da alkama da kayan lambu ke ciyar da dubban iyalai.

Gargaɗi biyu

Na farko ya shafi magani. Kamar shuwaka, ana amfani da ganyen wannan tsiro a maganin gargajiya a wasu sassan Afirka, kuma masu binciken haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi aiki a kan ganyen saboda yadda ake amfani da shi wajen ciwon sukari a gargajiyance. Amma binciken ɗakin gwaji mataki ne na farko kawai. Ba dalili ba ne da zai sa mai ciwon sukari ya ajiye maganin asibiti ya koma jiƙa ganye, musamman da yake tsiron na ɗauke da sinadarai masu ƙarfi.

Na biyu ya shafi masu zuwa da alkawari. Manoman Sahel ba su manta da bini-da-zugu ba. Wajen 2007 zuwa 2010 an yi ta yayata cewa man ƙwayarsa zai maye gurbin gas na mota, kamfanoni suka raba iri a Mali da Burkina Faso da Senegal da wasu ƙasashe, mutane suka ba da filaye. Da amfanin bai kai yadda aka faɗa ba, yawancin kamfanonin suka naɗe tabarmarsu, aka bar manoma da itacen da ba a ci, ba a sayarwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk wanda ya zo da maganar shuka tsiron da ba a ci, tambayar farko ita ce: wa zai saya, a kan nawa, kuma ina takardar?

Aikin da ba ya buƙatar kuɗi mai yawa

Abin da ya fi gaggawa ba noma ba ne, sani ne.

Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tana da tasha a Ƙonni. Akwai Jami'ar Djibo Hamani a Tawa, akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da masananta na tsirrai, akwai kuma rumbun adana iri na cibiyar ICRISAT a Sadore kusa da Yamai. A tsallaken iyaka ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba daga Ƙonni. Ɗalibi ɗaya da babur, a watannin Satumba da Oktoba, zai iya zagaya ƙauyukan gundumomin uku, ya tara samfuri, ya rubuta wuri da irin ƙasa, ya ɗebo ƙwaya a auna yawan man da ke cikinta. Wannan awo kaɗai zai nuna ko irin yankin ya cancanci a ci gaba da bincike a kansa.

Sai kuma sunaye. Sunan ciyawa a Adar ba lallai ya zama shi ne sunanta a Gobir ko Kano ba, kuma Fulani da Buzaye makiyaya suna da nasu. Manyan littattafan da ake dogaro da su a wannan fanni sun tsufa: na likitan nan John Dalziel kan sunayen tsirrai da Hausa ya fito ne a 1916, na Peyre de Fabrègues kan tsirran Nijar kuma a shekarun 1970. Mutanen da suka san wace ciyawa raƙumi ke ci, wacce akuya ke gudu, wacce ake sa wa a rumbu, suna tsufa, matasa kuma hankalinsu na kan ci-rani. Malaman makaranta da gidajen rediyon al'umma na iya taimakawa wajen tattara wannan sani tun masu shi na raye, a kuma rubuta shi da sunan ƙauyukan da suka bayar.

Hukumomin ƙananan hukumomi da sarakunan gargajiya su ma suna da rawar takawa. Idan baƙo ya zo tara iri ko tambayar magani, haƙƙinsu ne su nemi ganin izininsa, su san inda za a kai abin da aka ɗauka.

Babu tabbacin cewa wannan fure zai taɓa zama abin sayarwa a kasuwar Malbaza. Shekara 60 bayan Harar, duniya ba ta gama shawo kansa ba. Amma Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Gundumar da ta taɓa tsayawa ta kare sunan albasarta ta san cewa abin da ke ƙasarka, gara ka riga baƙo sanin darajarsa.